Tawada a Hancin Hayate

Sannunku da jira, masu bibiyar labarina. Na karanta saƙonninku duka, har da na wadda ta rubuto tana cewa, "Haba Chinatsu, duk wannan kukan a kan kare?" Eh, 'yar'uwa, a kan kare ne. Ki gyara zama ki ji, in kin kai ƙarshe da sauran dariya a bakinki sai ki yi abinki.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Chinatsu Togashi, shekarata ashirin da takwas, kuma ni kaɗai iyayena suka haifa. Gidanmu yana bakin wani ƙaramin gari a arewa, a gindin dutse. Tun zamanin Kaka, mahaifin Mama, ba mu san wata sana'a ba sai kiwon manyan karnukan nan da ake kira Akita, kuma sunan Togashi yana cikin rajistar Ƙungiyar karnuka ta ƙasa tun kafin a haifi Mama. Saboda haka duk wanda zai aure ni dole ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki namu, ya tare a gidanmu, ya gaji karnukan. Haka aka yi wa Baba. Samarin da na yi a baya, da zarar sun ji wannan sharaɗi sai wayarsu ta lalace. Kohei, saurayina na yanzu, shi kaɗai ne ya ji ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ina da yayye maza, sunanmu ba zai ɓata don ni ba."

Sai dai Kohei likitan dabbobi ne a sashen lafiya na Ƙungiya, kuma in akwai abin da Baba ya tsana a duniya, to wannan sashe ne.

A da Ƙungiya ba ruwanta da lafiya. Alƙalin gasa ya dubi tsayuwar kunne, ya dubi naɗin wutsiya, ya dubi launin gashi da baƙin hanci, shi ke nan. Wanda ya haɗa kare da 'yarsa don launi ya fito, ba mai ce masa don me, takardar asali ma har da hatimi za a miƙo masa. Sai 'yan shekarun nan mutanen birni da suka sayi kwiyakwiyai da tsada suka fara ɗora hotunansu a waya, wannan ya makance, wancan gashinsa ya zube. Aka yi ta cece-kuce har tsofaffin shugabanni suka sauka. Sababbin da suka hau suka ƙara kalmar walwala a sunan Ƙungiya, suka hana barbara tsakanin dangi na kusa, suka buɗe sashen lafiya. Yanzu duk karen da aka samu da ciwon gado ba ya sake haihuwa da sunan rajista, kuma ana sa alama a takardun 'ya'yansa. Ranar da aka kaɗa ƙuri'ar, Baba ya dawo daga babban birni ya ƙi cin abinci.

"Yaran da ba su taɓa kwashe kashin kare ba," in ji shi, "wai su za su koya mini kare."

A wajen gasa na fara ganin Kohei. Yana leƙa bakin wani kare, karen ya yi masa atishawa a fuska, ni kuma dariya ta ƙwace mini, ya waigo. Fiye da shekara Baba yana cewa kada in ƙara kawo masa sunan "mai farar riga". Kwatsam da lokacin kaka ya shigo, muna cin abincin safe, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ki ce wa likitan nan ya zo ya gaishe mu." Murna ta sa ban tambayi kaina me ya canza ba. Da na tambaya da na huta.

Yanzu bari in gaya muku waye Hayate. Ja ne, ƙirjinsa fari, kansa kamar tukunya, kuma shi ne babban karen gidanmu. Zuriyarsa ta fito daga wata karya da Kaka ya ɓoye a dutse yana yaro, a shekarun yaƙi da yunwa. An haifi Hayate dab da za a kafa sabuwar dokar, kuma ubansa shi ne uban uwarsa. Baba ne ya haɗa su da hannunsa. Mutum biyu Hayate ya sani a duniya, ni da Baba, sauran jama'a kallon tukunyar fure yake musu. In Baba ya ɗaga yatsu biyu, ko daga ƙarshen fili ne, zai miƙe ya kafa ƙafafu ya ɗaga kunne, tsayuwar gasa. Babbar gasa saura wata guda, kuma kowa na cewa bana kofin na Hayate ne, kofin da gidanmu bai sake gani ba tun rasuwar Kaka.

Ni nake wanke kwanonsa da safe. Na fara ganin wani baƙi-baƙi a bakin kwanon ruwa, na ɗauka ƙasa ce. Ranar Talatar da ta wuce na fito da wuri, na ji motsi a ɗakin ajiya, na tura ƙofa. Baba yana durƙushe, ga dutsen niƙa tawada na Kaka a gabansa, ga ɗan siririn buroshi a hannunsa. Hayate yana zaune ya runtse ido. Rabin hancinsa baƙi ne wuluk, ɗaya rabin da buroshi bai kai ba ya koɗe ya yi ja-ja kamar tafin hannun jariri. Idanunsa sun kaɗa, suna ruwa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Sanyi ne. Hancin kare yakan koɗe da sanyi."

"To me ya sa kake shafa masa?"

"Rufe ƙofa, iska na shigowa."

Na koma ɗaki na ɗauki waya. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na tura wa Kohei ƙarya.

"Tambaya gare ni. Wata ƙawata ce hancin karenta ke koɗewa, idonsa ya yi ja, ba ya son haske."

"Wane irin kare?"

"Irin namu."

Na daɗe ina kallon alamar yana rubutu.

"Ki ce mata ta kawo shi yau, ba gobe ba. In abin da nake zato ne, ciwon gado ne, daga hanci yake farawa amma ido yake nufa. In an fara magani da wuri ana ceto gani. In an yi wasa, 'yan makonni ne."

"In ta kawo shi, sai ka rubuta a rajista?"

"Dole. Kin san aikina." Sai ga hoton wani ɗan beyar yana rusunawa. "Ranar Lahadi da zan zo gaisuwa wace kwat zan sa, baƙa ko shuɗiya? Akwai launin da Babanki ba ya so?"

"Farar rigar likita kawai ya tsana."

"Na mutu. Ta cikin kwat ɗin ma fara ce."

Na tura masa fuskar dariya, ni kuwa hawaye ne ke ɗiga a kan wayar.

Da yamma na tare Baba yana yanka nama. Na ce masa ido ne, na ce masa 'yan makonni ne. Bai ɗago ba.

"Bayan gasa. Ya ɗauki kofi, in kai shi asibitin wani gari inda ba a san mu ba."

"An ce ba zai kai wata ba, Baba."

"Wa ya ce?"

Ya ajiye wuƙar ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai, sannan ya ci gaba da yankansa. Daga ranar kullum na wuce gaban ɗakin Hayate sai in ga ya cusa kai a lungu mai duhu. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Ina tsoron Baba ya fasa maganar aure, ina tsoron Kohei ya gane na yi masa ƙarya, kuma gaskiya na fi tausayin kaina a kan karen. Ku zage ni, na yarda.

Ranar Lahadi muka tashi dusar ƙanƙara ta farko ta rufe gari. Kafin Mama ta fara shirya ni, Baba ya leƙo kicin ya yafuto ni. A ɗakin ajiya na tarar ya riga ya niƙa tawadar, ya ɗiga mata mai don ta kama, amma hannunsa rawa yake, har ya ɓata wa Hayate gashin baki.

"Hannuna ya ƙi yau. Zo ki yi."

"Baba, don girman Kaka kada ka sa ni."

"Ba zan bari a fito da shi ba, amma likita ne, zai iya cewa zai leƙa." Ya miƙo buroshin. Da ya ga ban karɓa ba sai ya zauna a kan buhun abinci, muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da na zo gaisuwa gidan nan, kakanki bai tambaye ni aikina ba, bai tambaye ni halina ba. Gaban babban karensa ya kai ni ya ce in miƙa hannu. Karen ya shinshina ya lashe ni, kakanki ya ce to ka zama Togashi. Kare ne ya ba ni sunan nan, Chinatsu. Shekara talatin, innarki, yayar uwarki, har gobe baƙo take ce mini. So kike a ce baƙo ya shigo ya kashe zuriyar da yaƙi ma bai kashe ba?"

Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon wannan ba. Na karɓi buroshin. Na durƙusa na riƙe haɓar Hayate, ya ɗora mini ita a tafin hannu da nauyinta duka, ko motsi bai yi ba har na gama. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, da ya yi gurnani da na samu dalilin tashi.

Mama ta sa mini kimononta na 'yanmatanci, doguwar rigarmu ta gargajiya, mai ruwan zuma da zanen ganyen kaka a gefen ƙafa. Tana cikin naɗa mini ɗamara sai ga Inna Setsuko, yayar Mama, ta faɗo da ƙullin kayan tsami a hannu da bakinta a gaba. Ita ya kamata ta gaji gidan, amma tun tana budurwa ta bi wani direban bas ta bar wa Mama. Wannan bai hana ta zama mai gadin al'adar gidan ba.

"Ja ciki, yarinya, ja ciki. Kimonon nan ya gaji da jira a akwati, saura kaɗan ya nemi miji da kansa." Ta kama ƙarshen ɗamarar ta ja har numfashina ya ɗauke. "Ina baƙon namu? Ko yana can yana yi wa karnuka huɗuba?"

"Yaya, yau dai ki raga masa," in ji Mama.

"Ni me na ce? Mutumin kirki ne, shekara talatin bai fasa mana kwano ba." Ta kamo hannuna ta juya. "Mene ne wannan a farcenki? Ranar gaisuwa kika ga damar koyon rubutu?"

Na fizge hannun na cusa a cikin hannun riga. Na wanke har fata ta yi ja, amma tawadar ta maƙale a gefen farce. Mama ta dubi hannun, ta dube ni, ta ci gaba da gyara ƙullin bayana. Waya ta yi ƙara, saƙon Kohei ne.

"Na iso bakin gada. In karenku ya cije ni za ki aure ni a haka?"

Na rubuta, "Ka tuƙa a hankali, hanya da santsi."

Shuɗiyar kwat ya sa. Ya rusuna a bakin ƙofa, ya cire takalma ya juya su ya jera, ya miƙa wa Mama kwalin alewa a naɗe cikin ƙyalle. A ɗakin baƙi ya fara zuwa gaban hoton Kaka ya kunna turaren tsinke ya haɗa hannu. Da ya dawo ya ture matashin zama gefe, ya durƙusa a kan tabarma, ya kai goshi ƙasa. Kunnuwansa sun yi jajir.

"Togashi-san, na zo roƙon ku ba ni Chinatsu-san, ku kuma karɓe ni a gidan nan. Ban iya kiwo kamar ku ba, amma zan koya."

Na zata Baba zai ja masa rai, ya sa shi gumi. Ko numfashi bai ja ba.

"Na ba ka. Ɗago kanka." Ya tsiyaya masa giyar shinkafa da hannunsa. "Abu ɗaya ne, Likita. Ɗan gida ba ya kai maganar gida waje. Abin da ka gani a cikin shingen nan, a cikin shingen nan yake kwana. Ka gane?"

"Na gane," in ji Kohei, yana murmushi, don shi ya ɗauka nasihar surukai ce.

A nan na gane me ya canza da shigowar lokacin kaka. A lokacin ne hancin Hayate ya fara koɗewa. Baba bai sauko don ya ga ina son Kohei ba, likitan Ƙungiya yake so ya ɗaure da sunan Togashi kafin a kai ga duban lafiya a wajen gasa. Na dubi mahaifina yana miƙa kofi, na ji kunya ta rufe ni, tasa da tawa.

Mama ta kawo tukunyar miyar kaza da gasasshen curin shinkafa. Inna Setsuko ta yi ta yi wa Kohei tambayoyi, albashinsa, haƙoransa, ko yana minshari. Ni ko loma ɗaya ba ta wuce mini ba, na ɗora laifin a kan ɗamara. Da aka kwashe kwanuka Inna ta tafa hannu.

"To, an ci an sha. Saura kare."

"A bari wani lokaci," in ji Baba. "Sanyi ya yi yawa yau."

"Sanyi? Kai ranar da aka kai ka dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, kana rawar ɗari kamar ɗan tsako. Ko ka manta, baƙo?" Ta nuna hoton Kaka da haɓa. "Ga mai gidan can yana kallo. Ba a taɓa ba wa namiji sunan nan ba sai kare ya shinshina shi."

"Yaya, na ce a bari."

Baba ya dubi Mama yana neman ta kama masa. Mama, wadda ban taɓa jin ta musa masa a gaban mutane ba, ta ajiye butar shayi a hankali.

"A yi yadda aka saba," ta ce.

Tsakar gida ta yi fari fat, hasken yana kashe ido. Baba ya fito da Hayate a igiya, karen yana ƙifta ido yana sunkuyar da kai. Baba ya koma ta hagunsa ya ɗaga yatsu biyu. Hayate ya karkato kai, ya gani, ya miƙe ya kafe, wutsiya a naɗe, hanci baƙi wuluk. Ko a wannan hali sai da kyansa ya taɓa ni.

Kohei bai damu da kwat ɗinsa ba, ya durƙusa a cikin dusar, ya kau da ido gefe, ya miƙa hannu. Ni a raina roƙo nake Hayate ya yi masa irin kallon da yake wa kowa, ya juya baya, a tashi. Karen da ya shekara bai kula mai kawo wasiƙa ba, sai ga shi ya tako, ya shinshina yatsun, ya shinshina tafin, sannan ya cusa hancinsa cikin wuyan hannun Kohei ya goga, kamar yadda yake mini.

"Ya karɓe shi," in ji Inna Setsuko, har da share ƙwalla. "Ka ga, baƙo, kai lasa ɗaya aka yi maka, wannan har da runguma."

Kohei yana dariya ya janye hannu, sai dariyar ta tsaya. A bakin farin hannun rigarsa ga baƙin shafe, ɓaro-ɓaro. Ya murza da babban yatsa, ya kai hanci. Ya ciro hankici, ya dangwali dusar ƙanƙara, ya ce a hankali, "Yi haƙuri, Hayate," ya goge masa hanci sau ɗaya. Jan naman ya fito fili. Ya ɗaga masa fatar ido ya duba, ya daɗe yana dubawa.

Bai dubi Baba ba. Ni ya duba, daga fuskata ya sauko kan hannuna, inda na manta na fito da shi daga cikin riga.

"Ƙawar taki," ya ce. "Tun ranar Talata, Chinatsu."

Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Baba ya tako gaba. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba, mahaifina ya rusuna wa sa'an ɗan cikinsa, ya rusuna sosai har ana ganin sanƙonsa.

"Kare ya karɓe ka, kai Togashi ne yanzu. Wata ɗaya nake roƙo. Ya shiga gasa ya fito, ka yi duk abin da kake so."

"Baba," in ji Kohei, kuma wannan ne karo na farko da ya kira shi haka, "shi ne fa ya karɓe ni. Da makanta zan saka masa? Ba shi da wata ɗaya, ban ma tabbata yana da mako ba. Ku ba ni shi yanzu, asibitinmu a buɗe yake ko ranar Lahadi."

"Ka kuma rubuta."

"Zan rubuta. Akwai 'ya'yansa a gidajen mutane, su ma a duba su da wuri."

Baba ya miƙe tsaye, fuskarsa ta koma kamar dutse. Ya saki igiyar ta faɗi a dusar.

"Ɗauke shi, in zai bi ka."

Kohei ya ɗauki igiyar ya ja a hankali, ya kira sunansa, ya lallashe shi. Hayate ya zauna daram. Shinshina hannu daban, bin mutum daban, kuma Baba ya san haka. Duk wanda ke tsakar gidan ya san saura mutum ɗaya da karen zai bi.

"Chinatsu," in ji Baba, bai ko waigo ba. "In kika taɓa igiyar nan, ki bi likitanki ki ɗauki sunan gidansu, in har yanzu yana son ki. Ni ba ni da magaji."

In har yanzu yana son ki. Na dubi Kohei, ya kau da kai. Ban san ko ina da wurin zuwa ba in na fita, kuma na san ba ni da wurin dawowa. Ina tsaye a wurin, sai Hayate ya ɗago yana nema na. Ina dab da shi ta damansa, amma sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya same ni.

Na sunkuya na karɓi igiyar. Ya miƙe.

Baba ya juya ya shige gida. Muna kaiwa bakin mota sai ga Mama da sauri, ta rungumo rigar sanyina da takalmana na roba da tsohon bargon Hayate. Ta tura mini su a hannu.

"Ke kike wanke kwanonsa da safe," ta ce. "Na yamma ni nake wankewa." Ta gyara mini wuyan kimono. "Ki sassauta ɗamarar a mota, innarki ta matse ki da yawa."

Na shiga baya da Hayate, ya haye kujera ya zauna yana fuskantar gaba. Kafin Kohei ya tada mota ya juyo da 'yar tocila, ya kare hasken waje da tafin hannu, ya haska idon hagu. Ƙwayar ta tsuke. Ya haska na dama. Ya kashe ya sake haskawa. Ya mayar da tocilar aljihu.

"Faɗa mini."

"Na hagu yana nan. Shi za mu yi wa gudu."

"Na dama fa?"

Ya girgiza kai.

"Da na kawo shi ranar Talata?"

Ya juya ya murɗa makulli, ya kunna hita, bai amsa ba. Har yanzu da nake rubuta muku wannan bai amsa mini ba.

Mun fara silalowa za mu fita ƙofar shinge sai Kohei ya taka birki. Baba ne ya fito, da silifas ɗin cikin gida a ƙafarsa, yana taka dusar ƙanƙara. Ya zagayo ta daman mota ya tsaya daidai tagar da Hayate yake. Ni bai dube ni ba. Ya ɗaga yatsu biyu.

Gilashi a rufe yake, hita na huci, ba ƙamshi ba murya. Hayate yana zaune, idonsa na dama a buɗe yana fuskantar Baba, kunnensa ko motsi bai yi ba. Baba ya matso ya sake ɗagawa, yatsun har suna taɓa gilashin. Karen da ke hango wannan alama daga ƙarshen fili ya ci gaba da kallon gaba yana haki.

Yatsana yana kan maɓallin gilashi. Da na danna, iska za ta shigo da ƙamshinsa, Hayate zai juyo yana kaɗa wutsiya, Baba kuma zai samu abin da zai gaya wa kansa, cewa sanyi ne, cewa da sauran lokaci. Ina son mahaifina, kuma ban taɓa jin tausayinsa kamar a wannan lokacin ba. Kohei yana kallona ta madubi yana jira.

Na ɗauke yatsana. Na ce, "Mu tafi."

Da muka kai kwanar gada na waiga. Yana nan tsaye a bakin shinge cikin silifas, bai sauke hannun ba.